Dasa babban injin a tsohuwar motar gudu: inda nauyin aikin yake

Canza wa mota injin ba sabon abu ba ne a Maraɗi. Wanda ya saba zama a gareji ya sha ganin an sauke injin da ya gaji, an ɗora wanda aka kawo daga Kano ko Kwatano, washegari mota ta koma tasha tana lodin Tasawa. Sai dai wannan musanya ce ta iri ɗaya da iri ɗaya. Ƙafafun sabon injin suna zama inda na tsohon suka tashi, giyabos ya haɗu da abokin da aka ƙera shi dominsa, lagireto kuma daidai yake da zafin da za a turo masa. Abin da samarinmu ke kallo yanzu a YouTube da TikTok aiki ne daban: a samo tsohuwar mota mai ƙofa biyu, irin wadda aka yi don gudu da ƙwalisa shekaru 40 ko 50 da suka wuce, a cire ɗan injinta mai silinda huɗu ko shida, a dasa mata ƙato mai takwas. Irin waɗannan motoci ba su da yawa a garin nan, amma akan ci karo da su a gidan wani tsohon Alhaji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi: Peugeot 504 Coupé, ko Marsandi mai ƙofa biyu, ko Datsun. Da zarar ɗa ko jika ya gaje ta, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne babban injin. Makanike zai ɗaga bonet, ya gwada faɗin wurin da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, zai shiga."

Gaskiya ya faɗa. Da walda da guduma babu injin da ba ya shiga. Amma shigar injin ita ce mafi sauƙi a duk aikin, kuma a nan ne masu wannan buri ke ɓata lissafi. Mutum ya tanadi kuɗin injin da na makanike, ya ɗauka ya gama, alhali duk wani ƙarfe da ke jikin motar nan an auna shi ne da tsohon injin. Ka ƙara wa injin ƙarfi, ka ɗora wa kowane ɗayansu kayan da ba a yi shi don ya ɗauka ba.

Ɗaya daga cikin motocin da suka sa duniya ta kamu da wannan sha'awa ita ce Cobra, kuma tarihinta ya ishe mu darasi. Kamfanin AC na Ingila yana ƙera wata ƙaramar mota marar nauyi mai suna Ace, da injin Bristol mai lita 2 da silinda shida. A 1961 Bristol ya daina yin wannan injin. Wani direban tsere ɗan Amurka, Carroll Shelby, ya haɗa AC da Ford, aka dasa wa motar injin V8, wato mai silinda takwas, mai kusan lita 4.3, ta fito a 1962, daga baya aka koma mai lita 4.7. Ƙarfi ya ninka a motar da nauyinta bai wuce kusan tan guda ba. Abin da masu kallon hotuna ba sa lura da shi shi ne ko a wannan mataki na farko sai da aka ƙarfafa aksul na baya, aka sa birkin faifai a tayoyi huɗu, kuma kafin a yi nisa aka sauya tsarin sitiyari gaba ɗaya. Da suka so su wuce nan, a 1964, suka gwada injin da ya fi wancan girma a kan tsohon shasi. Ken Miles, wanda hannunsa ya faɗa a kan tuƙin tsere, ya sha wuya da ita, ta ƙi sarrafuwa. Shi ya sa Cobra 427 mai lita 7 da ta fito a 1965, in ka cire kamannin fuska, sabuwar mota ce. An ƙara kaurin manyan bututan shasi daga inci 3 zuwa inci 4, an watsar da sifirin na falle-falle an sa mai naɗi, an faɗaɗa bodi don manyan tayoyi, an buɗe bakin gaba don lagireto ya sha iska. Kamfanoni biyu ne da injiniyoyinsu suka yi wannan, kuma su ma ba su tsallake mataki ko ɗaya ba.

A ganina, abin da ya kamata mai mota ya fara tambaya kafin dawaki nawa, wato ma'aunin ƙarfin injin, shi ne kilo nawa. Kamfanin MG ya amsa wannan tambaya sau biyu a jikin mota ɗaya, sau ɗaya ya faɗi, sau ɗaya ya ci. MGB tana da injin lita 1.8 mai doki 95. A 1967 suka fitar da MGC, wadda jikin MGB ne aka cusa masa injin baƙin ƙarfe mai silinda shida, lita 2.9, doki 145. Injin ya fi na asali nauyi da wajen kilo 95, kuma duk nauyin nan a kan tayoyin gaba ya sauka. A miƙaƙƙen titi tana gudu lafiya. A kwana kuwa, ka murɗa sitiyari hancinta ya nemi ya zarce. Ƴan jaridar motoci suka kushe ta, a 1969 aka daina yin ta. Bayan haka wani injiniya mai zaman kansa, Ken Costello, ya fara dasa wa MGB injin Rover V8 mai lita 3.5. Injin ne da asalinsa na Buick ne a Amurka, kuma da alminiyam aka zuba shi, don haka duk da silinda takwas ɗinsa bai kai ƙaramin injin MGB nauyi ba. Kamfanin ya ga abin ya yi kyau, ya fitar da nasa daga 1973 zuwa 1976, guda 2,591. Dokinta 137, ƙasa da na MGC a takarda, amma ita ce har gobe ake yabo, domin ba ta rasa daidaiton da aka san MGB da shi ba.

Wannan batu ya fi damun mu a nan fiye da Ingila. Motar da gabanta ya yi nauyi tana dukan ƙasa a kowane rami, shokazoba ya mutu da wuri, kaskon baƙin mai da ke ƙasan injin ya riƙa gogar tudun rage gudu. Ranar da ya fashe a tsakanin Gidan Rumji da Ƙwanni, mai ya tsiyaye, injin da aka kashe wa dukiya ya kama kafin direba ya ankara.

Sai wuri. Kamfanin Rootes ya bi sawun Shelby, ya dasa irin wancan injin Ford a cikin ƙaramar motarsa Sunbeam Alpine, ya kira ta Tiger, daga 1964 zuwa 1967, sama da guda 7,000. Matsin ya kai ma'aikatan Jensen, waɗanda suka harhaɗa ta, suna dukan bangon ƙarfen da ya raba injin da ƙafafun direba da babbar guduma kafin injin ya zauna. Akwai filogin da ba a iya kaiwa gare shi sai ta wata kafa daga cikin mota. Ƙarshenta ma wuri ne ya kashe ta: Chrysler ya mallaki Rootes, ba ya son sayar da mota da injin abokin hamayyarsa, nasa V8 ɗin kuma ya ƙi shiga. Tiger ta yi suna da wani ciwo guda, wato zafi. Injin ya cika ɗakinsa dam, iska ba ta da hanyar fita. A Ingila ke nan, ƙasar hazo da yayyafi.

A nan nake son mai karatu ya tsaya, domin a Maraɗi zafi ne alƙalin wannan aiki. Injin fetur ba ya mayar da duk man da ya sha zuwa tafiya. Abin da ke kaiwa ga taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Wajen kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuma ruwan lagireto ne ke ɗauke shi. Ka ninka ƙarfin injin ka taka shi, ka ninka zafin da lagireto zai zubar. Shi kuma lagireto ba ya sanyaya ruwa da kansa, iskar da ke ratsa shi ce ke kwashe zafin, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da na iskar, gwargwadon aikin da zai yi. A ce ruwan injin yana digiri 90. A ƙasar da iska take digiri 20, tazara 70 ce. A nan, cikin Afrilu ko Mayu, rana ta take, iska ta kai 43, tazarar ta koma 47. Lagireto ɗaya, mota ɗaya, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi tun ba a tayar da injin ba. Ka haɗa da ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarinsa, da tafiyar hawainiya a bakin kasuwa tsakanin kabu-kabu da adaidaita inda babu iskar gaba, ka ga dalilin da ya sa aikin da ya yi kyau a bidiyon wani Bature ke tafasa a nan.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, tsada ce da shi da haƙuri. Lagireto mai faɗi da kauri daidai da sabon injin. Fanka mai ƙarfi da aka yi wa rufi a kewaye, don ta ja iska ta cikin lagireto, kada ta riƙa kaɗa ta a gefe. Toshe duk wata kafa da iska za ta bi ta kauce masa. Hanyar da iska mai zafi za ta fice daga ƙarƙashin bonet. Murfi mai riƙe matsi, domin ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa sai ya kusa digiri 120. Akwai kuma ɗabi'u biyu na garejojinmu da ba na goyon baya ko kaɗan a irin wannan aiki. Ta farko cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya ɗumama, da sunan ƙasarmu da zafi. A wasu injuna, tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, don haka in babu shi wani ɓangare na ruwan ba ya ma zuwa lagireto. A injin zamani kuma, ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara masa mai. Ta biyu zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla. Tsohon injin baƙin ƙarfe yana jurewa na wani lokaci. Na alminiyam kuwa ruwan na cin sa ta ciki, gishirinsa na toshe bututai, ranar da ya yi zafi sau ɗaya kan injin ya lanƙwashe. Ruwa ba ya tsami banza: mafi yawan gaskit ɗin da ke ƙonewa daga nan matsalarsu ke farawa.

Daga bayan injin, ƙarfi yana bi ta kuloci, giyabos, firfela (sandar da ke kai juyi zuwa baya), aksul, sannan taya. Abin da ke karya waɗannan shi ne ƙarfin murɗa, wanda babban injin ke bayarwa tun daga ƙasa, da ka ɗaga ƙafa daga kuloci. Kamar ka kwance jaki daga amalanke ka ɗaura bijimin huɗa ne: ba dabbar ce za ta gaza ba, sandunan amalanken ne za su karye, kuma mafi rauni ne zai fara. Yau kuloci ya zame, a sa mai ƙarfi, gobe haƙoran giya ta biyu su zube, a canza giyabos, jibi aksul ya tsinke. Wanda ya san aiki yana sayen injin tare da giyabos ɗinsa, ya nemi aksul da zai iya da su, ya kai firfela wurin mai injin sassaƙar ƙarfe a yanke ta a daidaita nauyinta. Firfelar da aka yanke aka liƙa da ido tana karkarwa, kuma in ta tsinke ana gudu, a ƙarƙashin kujera take. A duba kuma inda aksul ke riƙe da jikin mota. Ƙarfen da ya shekara 50 ya gaji, kuma in motar ta taɓa zama a bakin teku kafin ta iso nan, tsatsa na iya ɓoye a ƙarƙashin fenti.

Birki kuwa magana ce ta rai. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi tana tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ya fi haka sauri. Daga kilomita 120 a sa'a zuwa 170, ninki biyu ne, kuma duk wannan sai birki ya mayar da shi zafi kafin mota ta tsaya. Tsofaffin motoci da yawa birkin ganga ne a bayansu, ƙafafunsu inci 13 ko 14, babban faifai ba ya shiga ciki. Ke nan gyaran birki na jawo canjin ƙafafu da tayoyi, shi kuma ya jawo gyaran bodi. Kowa ya san hanyar Damagaram: garken shanu ya ɓullo daga bayan ƙaya, amalanke ba fitila bayan magariba, yaro ya tsallaka da gudu. Ni dai ina ganin duk wanda bai da kuɗin birki to bai da kuɗin injin, kuma makaniken kirki shi ne wanda zai iya kallon mai mota ya ce, "Ranka ya daɗe, birki za mu fara yi."

Injunan da ake samu a kasuwa yanzu kusan duk na zamani ne, ba su da kafireto. Suna son famfon mai mai matsi sosai, da bututai sababbi, da ƙwaƙwalwarsu da wayoyinta cikakku, wasu ma ba sa tashi sai da makullinsu na asali. Injin da aka yanke wa wayoyi da adda a wurin kwance motoci yana da araha, kuma araha ba ta ado. A lura kuma da kwanciyar injin. Na Camry ko na 406 a gicciye yake, don jan tayoyin gaba aka yi shi, juya shi ya ja na baya wahala ce da ba ta biyan kanta. Wanda masu wannan sana'a ke so daga gidan Toyota shi ne V8 mai lita 4 na Lexus LS400, wanda ya fito a 1989, na alminiyam, doki wajen 250, mai juriya. Amma yana da faɗi, kuma da giya mai canza kanta ya zo daga kamfani, mai son giyar hannu sai ya ƙera abin haɗi. Ga batun mai. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, da ƙurarsa da abin da aka gauraya masa, tsohon kafireto na haɗiye shi, bakin feshin injin zamani ba ya yafewa. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a 2023 kuma, lissafin ciyar da silinda takwas ya canza.

Mu dawo kan motar da ta fi kusa da mu. Peugeot 504 Coupé ta fito a 1969, Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka ci gaba da yin ta har 1983. Peugeot da kansa ya yi mata wannan dashe a 1974: ya cire mai silinda huɗu ya sa V6 mai kusan lita 2.7, wanda ya ƙera tare da Renault da Volvo, doki 136. Wannan mota ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kodibuwa a shekarar, don haka ba wanda zai ce ba ta iya da ƙasar Afirka. Amma V6 ɗin ya zo ne bayan tashin farashin mai na 1973, masu saye suka ja baya, kamfanin ya dawo da mai silinda huɗu a 1977. Akwai kuma wani abu a ginin 504 da ke wahalar da mai son dasa baƙon injin: firfelarta a cikin wani bututu mai ƙarfi take, wanda ya haɗe giyabos da aksul suka zama abu guda. Ka canza giyabos, ka taɓa duk bayan motar.

Shi ya sa, da za a tambaye ni game da 504 Coupé da jikinta yake lafiya, injinta na asali yana nan, zan ce a bar ta. A yi wa injin garambawul. Tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara harhaɗa 504 a Kaduna, aka shafe wajen shekaru 30 ana yi, don haka dangin wannan injin mai silinda huɗu makanikanmu sun san shi ciki da bai, kayansa da dama kuma ana samunsu daga nan har Kano. Motar da ba a taɓa yanka ba, mai ɗauke da injin da ta fito da shi, ita ce masu neman tsofaffin motoci ke biya da tsada, kuma abin da aka sare da injin yanka ba ya komawa yadda yake. Yana ba ni takaici in ga an lalata abin da ba za a sake ƙera irinsa ba don a ji ƙara na wata uku. In kuwa injin ya riga ya tafi, ko ya fashe, ko kayansa sun ɓace daga duniya, to dashe ya fi barin mota ta ruɓe a rana. A nan sai a zaɓi marar nauyi, wanda kayansa ke kasuwarmu, wanda ƙarfinsa bai yi wa jikin motar yawa ba. A ƙera ƙafafun injin da za a ɗaure da noti a ramukan asali. A adana duk abin da aka cire, a zuba wa tsohon injin mai a rufe shi a ɗaki.

Takardu ma suna cikin aikin. A kart giriz, wato takardar rajistar mota, an rubuta ƙarfin mota da irin man da take sha, da shi kuma ake lissafin asirans. Wanda ya ninka injin bai gyara takarda ba, ranar da tsautsayi ya faɗa zai iya tarar da kamfanin asirans ya ce ba wannan mota ya ɗauki nauyi ba. A riƙe takardar duwan, wato kwastan, da rasit ɗin injin, a je a bayyana canjin tun mota ba ta hau titi ba.

Kada kuma a biya makanike cikon kuɗinsa don injin ya tashi ya yi ruri a gareji. A sa ma'aunin zafi mai aiki da na matsin baƙin mai. A bar motar tana aiki a tsaye da tsakar rana rabin sa'a, a ga ko fanka na shiga tana fita, allura ba ta hawa. A shiga da ita cunkoson kasuwa. A fita hanyar Madarunfa a hankali, a taka birki da ƙarfi sau da dama a jere a wurin da ba kowa, a ji ko feda na nutsewa ko mota na ja gefe guda. A dawo a shiga ƙarƙashinta da tocila a duba walda, da notuna, da bututun mai ko ya kusanci salansa. Aikin da aka gama cikin sanyin Disamba, a rage wani abu a hannu, a sake wannan gwaji duka idan Afrilu ta kama.